Yaro mai ƙiba: ƙoshin lafiya ne ko ciwo ke tafe?

Wai shin yaron da ya yi ɓul-ɓul, kumatu sun cika, wuya ya yi ninki biyu, lafiya ce ta yi mishi yawa ko kuwa ciwo ne ke tafe a hankali? Maganar ta ƙara tasowa ne tun da UNICEF ta fidda wani rahoto cikin watan Satumba na 2025, inda ta ce a karon farko yara ƴan shekara 5 zuwa 19 masu ƙibar da ta kai ta ciwo sun fi masu rama yawa a duniya. Lissafin nasu shi ne kashi 9.4 cikin ɗari masu ƙiba, kashi 9.2 masu rama, wato masu ƙibar wajen yaro ɗaya cikin goma kenan, miliyan 188. A shekara ta 2000 ƙibar kashi 3 ce kawai, ramar kuma ta kusa 13.

To nan Maradi duk inda ka kawo zancen, fada ne ko gurup na WhatsApp ko wurin biki, dariya za a fara yi maka, a ce mu da ke neman abin kaiwa baka ina mu ina ciwon ƴaƴan Turawa. Kuma masu faɗin haka ba su yi ƙarya duka ba, don rahoton da kanshi ya ware yankinmu na Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya ya ce can har yanzu rama ce ke gaba. Sai dai wanda ya tsaya ƙofar wata lakwal ta kuɗi a Ali Dan Sofo ko Zariya lokacin tashi ya san abin ya iso, ba mu dai fara ƙirga shi ba ne.

Wace ƙiba ake nufi tukun?

Ba da ido ake yanke hukunci ba, don idon uwa da idon kaka kullum rama suke gani. Likita abu huɗu yake haɗawa: nauyi, tsawo, shekaru, da namiji ne ko mace. Akwai lissafin da ake kira IMC, a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonshi sau tsawonshi a mita. Misali yaro namiji ɗan shekara 10, tsawo mita 1.40, nauyi kilo 45. In ka yi 1.40 sau 1.40 za ka samu 1.96, ka raba 45 da shi, ya ba ka kusan 23. Ga babba 23 daidai ne, don babba sai ya kai 25 ake cewa nauyi ya wuce, sai 30 ake cewa ƙiba ta zama ciwo. Amma ga ɗan shekara 10 teburin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya nuna tsaka-tsaki wajen 16 da rabi ne, daga 18.5 nauyi ya fara wucewa, in ya haye 21.4 kuwa an shiga ƙibar ciwo. Kenan wannan yaron da kowa ke cewa masha Allah jikin gidansu ne, ya riga ya haye layi. Shi ya sa ba a auna yaro da ma'aunin manya. Ƴan ƙasa da shekara 5 kuma nauyi ake dubawa a kan tsawo, da wani tebur daban wanda ke nan CSI, asibitin unguwa, wurin awo.

Abu biyu ke rikita mutane a nan. Na farko jaririn da ke shan nonon uwa zalla ya yi ɓul-ɓul, wannan ba shi ake magana ba. Jariri kan ninka nauyin haihuwarshi wajen wata biyar, ya ninka sau uku in ya shekara, da ya fara rarrafe da tafiya jikin zai zube da kanshi, kar wata ta karanta wannan ta je ta rage wa ɗanta nono. Na biyu kumburi. Yaron da ƙafafu da fuska suka kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya son wasa, wannan tamowa ce mai kumburi ko ciwon ƙoda, ba ƙiba ba. A danna bayan ƙafar da babban yatsa a ƙirga uku, in aka ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba ruwa ne, a nufi likita ranar nan ba sai gobe ba.

Igiyar nan ta awon damtse mai ja da ɗorawa da tsanwa da aka koya wa uwaye, don gano rama aka yi ta. In ta nuna tsanwa cewa ta yi yaro bai rame ba, ba ta ce komai ba a kan ƙiba.

Mu da ke fama da tamowa ina ruwanmu?

Nan ne gaɓar da na fi so a tsaya. A Nijar kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma jihar Maradi na cikin waɗanda abin ya fi ƙamari. Wanda ya ga yunwar 2005, ko ya taɓa kwana CRENI, sashen asibiti na masu tamowa mai tsanani, da yaro an sa mishi tiyo a hanci, ko ya ga layin uwaye a Madarunfa tsakiyar damina lokacin da zazzaɓin sauro da yunwa suka haɗu, in ka ce mishi ƙiba ciwo ce sai ya yi maka kallon wanda bai san duniya ba. Tsoron rama ya shiga jininmu kuma da dalili. Uwar da ta taɓa binne ramammen yaro, duk lomar da na bayanshi ya haɗiye kwanciyar hankali ce gare ta.

Amma tamowa da ƙiba ba abokan gaba ba ne kamar yadda ake zato, sau da yawa ɗaya ce ke share wa ɗaya hanya. Yaron da ya sha yunwa tun yana ciki, ko cikin shekara biyu na farko, jikinshi na ginuwa ne da shirin ƙarancin abinci, tsoka kaɗan, tsawo kaɗan, ga saurin tara kitse a ciki da zarar abinci ya samu. Kamar magidancin da ya taɓa ganin rumbu wayam a shekarar fari ne, ko an yi shekara goma ana albarka hannunshi ba ya sakewa, kome ya samu ɓoyewa yake. An ga haka a ƙasar Holand, inda aka yi wata muguwar yunwa cikin sanyin 1944 zuwa 1945 ƙarshen yaƙin duniya na biyu, da aka bi ƴaƴan matan da ke da ciki a lokacin sai aka tarar bayan sun girma ƙiba da matsalar sukari da ciwon zuciya sun fi yawa cikinsu. To ka ɗauko yaron da aka haifa ƙarami a wani ƙauyen Mayahi ko Dakoro, ya taso gajere, yana shekara bakwai aka kawo shi birni gidan kawu inda ake taliya da mai da lemu kullum, shi ne ma zai riga ƴan gidan yin tumbi, kuma tunda gajere ne ƴan kilo kaɗan sun isa su fitar da shi daga layi.

Shi ya sa gida ɗaya za ka tarar uwa na fama da ƙiba da hawan jini, na goye yana karɓar abincin tamowa, na tsakiya kuma ɗan lukuti ne amma in aka auna jininshi bai da jini. E, mai ƙiba na iya rasa jini, don makaroni da sukari cika ciki suke, ba su da sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da nama da ganye.

Abin da ya canja cikin kwanon yaro

Ba zan ce abincin da can aljanna ne ba, sau da yawa bai ma isa ba. Amma fura da nono, tuwon hatsi da miyar kuka ko yakuwa, ɗan wake, kwaɗon zogala da ƙuli, goriba da magarya da kanya da aduwa a aljihu, duk abubuwa ne masu dusa da ke zama a ciki su daɗe, yaro ya sha fura da hantsi ya kai la'asar bai nemi kome ba. Yanzu Maradi garin kasuwa ne, kaya na shigowa ta kowace hanya, kuma abin da ya fi arha da saurin samu shi ne biskit, alawa, indomi, lemun roba da garin lemu na leda.

Bi yaro ɗaya daga safe. Ya tashi an haɗa mishi shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, an kuma ƙara sukari a kai, ga burodi an shafe da mayonez. Kabu-kabu ko adaidaita ya ɗauke shi daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji. Aljihunshi akwai dala hamsin ko dala ɗari na rekere. Ƙarfe goma ya yi, ƙofar lakwal ta cika da faranti da kula, mai fanke na tsamowa daga mai tana barbaɗa sukari, mai bisap ta daskarar da shi a leda ya yi ja wur, zaƙin har maƙogwaro, ga mai soyayyen dankali, ga mai burodi da taliya a ciki, wato gari cikin gari. Yaro ya tsotse leda biyu ya bi da fanke uku yana tsaye, hannu duk mai ya goge a wando. Da rana shinkafa da mai da yaji ko dafa-duka, ganye babu. Da marece ya ratsa fadar yayyenshi a ba shi shayi na uku, wanda kusan sukari ne zalla. Da dare indomi da ƙwai gaban tele, in baba ya dawo da tsire da yawur mai sanyi kuma a tashe shi daga barci ya ci rabonshi. Ba wanda ya yi niyyar cutar da shi cikin duk waɗannan, kowa ƙauna ce ya nuna.

Abin sha ya fi kome ɓarna don ba ya ƙosarwa. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, ƙwayar sukari shida zuwa bakwai kenan, wa zai zauna ya ga ɗanshi na tauna ƙwaya bakwai a jere bai tsawata ba? OMS ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, in ma an yi ƙasa da kashi 5 ya fi, kuma kashi 5 ɗin ga babba wajen giram 25 ne, cokalin shayi shida. Gwangwani ɗaya ya wuce na babba ballantana yaro. Kuma kar a ce ai mu na gida muke yi, bisap da lemun citta da kunun aya da muke zuba wa sukari da ludayi ba su da wani bambanci a jiki, hatta furar ma yanzu sai an cika ta da sukari ake sha. Mai kuma giram ɗaya nashi ya fi ninki biyu na giram ɗin shinkafa ko hatsi wajen ƙarfi, 9 ne a kan 4, don haka ƙosai da waina da fanke ƙanana ne a ido kawai.

Sai al'adar ɗura. Yaro ya ce ya ƙoshi a ce sai ka cinye, ya yi kuka a toshe bakin da biskit, ya ci jarabawa a saya mishi lemu. In uwa ta yi yunƙurin hanawa kaka na gefe: "Ke ɗiyar nan, bar mini maigidana ya ci abinshi, so kike a ce ba mu iya kiwo ba?" Ita kuma surukar sai dai ta ce "To Inna, Allah ya ba ki haƙuri," ta miƙa mishi kwanon. Yaro da aka haife shi da sanin ƙoshi, a hankali a kashe mishi shi.

Zama, waya da barci

Filayen da ake buga ƙwallo da langa cikin unguwa yawancinsu an yanka an gine, tituna sun cika da babura, uwaye na tsoron barin yaro waje kuma ba a ga laifinsu ba. Ga lakwal, ga islamiyya, ga mushen da ke zuwa gida da dare, duk a zaune. Watan Afrilu da Mayu zafi ya haye 40, ba mai gudu da rana. Ƴan mata abin ya fi shafa, da yarinya ta fara girma an ce ta natsu ta zauna gida, gidan masu hali kuma ƴar aiki ta ɗauke daka da wanki da shara. OMS na son ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi haki da gumi, ɗan ƙasa da shekara 2 kar a ba shi waya ko tele, ɗan 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya. Mu kuwa waya ta zama mai reno. Barci ma na ciki, ɗan firamare na buƙatar awa 9 zuwa 12, wanda ya kai sha biyun dare yana kallo ya tashi shida, washegari jikinshi zaƙi da maiƙo zai yi ta nema.

Ƙibar ƙwaya

Wannan kam tamu ce, ba daga waje aka koya mana ba. Masu tallan magani a faranti da kan keke na sayar da ƙwayoyi da siro na sa ƙiba, uwa ta ga ɗanta bai cin abinci ko kishiya ta yi mata gori, ta saya ta fara ba shi, ƴan mata kuma su sha don biki ya matso. Yawanci abu biyu ne a ciki. Ɗaya cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne asalinshi, yana buɗe ciki ya sa barci, yaro ya yini a kasale yana ci. Ɗayan dexamethasone, wanda ake ce wa deksa, shi ne mugun. Magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita, amma in aka daɗe ana sha ba dalili fuska za ta yi zagaye ta kumbura, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, sukari da tansiyo su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi kowane ciwo ya samu ƙofa, kuma tsawon yaro ya tsaya. Mutane su ga kumatu su ce ya yi kyau alhali jiki ne ke lalacewa. Man shafawa na bilicin da wasu ke shafa wa yara don su yi fari, da yawansu akwai dangin wannan maganin a ciki, kuma fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotsewa.

Abin lura babba: yaron da ya yi makonni yana shan deksa ba a yanke mishi rana ɗaya. Jikinshi ya daina yin nashi sinadarin, in aka tsayar kwatsam zai iya galabaita, amai, jini ya faɗi, har a rasa shi. A ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin a kai wa likita a faɗi gaskiya tun yaushe ake ba shi, shi zai rage a hankali.

Gado fa?

Akwai shi. In uwa da uba duka masu jiki ne ɗansu ya fi saurin yi, haka wanda uwarshi ta yi ciwon sukari lokacin ciki ko aka haife shi ya wuce kilo 4. Amma jinin mutane bai canja ba daga 1990 zuwa 2022, lokacin da OMS ta ce ƙibar ciwo cikin ƴan 5 zuwa 19 ta tashi daga kashi 2 zuwa kashi 8, abinci da zama ne suka canja, kuma tukunya ma gadonta ake yi. Ciwon da ke kawo ƙiba da kanshi, kamar raunin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kaɗan ne ƙwarai. Alamar da likitoci ke bi ita ce yaron da ci ya sa shi ƙiba yawanci dogo ne a cikin sa'o'inshi, wanda ke ƙiba tsawo kuma ya tsaya, ko ƙibar ta fara tun yana ƙarami sosai da yunwar da ba ta ƙarewa da jinkirin magana, shi ake bincikawa. Wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali ma na sa ƙiba, su ma ba a dainawa sai da likita.

Me take jawowa?

Duba bayan wuyan yaron da hammatarshi. In ka ga fatar ta yi baƙi ta yi kauri da laushi, uwa ta sa soso da sabulu har da toka ta dirza yaro na kuka ana ce mishi ƙazami, abin bai fita ba, to ba dauɗa ba ce. Alama ce jiki ya fara gardama da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari cikin jini, wato hanyar ciwon sukari ce aka hau. Ciwon sukarin da muka sani na dattawa yanzu ana ganinshi ga matasa, kuma in ya kama da wuri ya fi saurin taɓa ido da ƙoda. Akwai hawan jini, kitse a hanta wanda ba ya ciwo sai ya yi nisa, minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci har yaro ya yi ta gyangyaɗi a aji a ce rago ne, ciwon gwiwa da ƙugu, gwamewar ƙafa, ga ƴan mata kuma saurin balaga da rikicewar al'ada daga baya. Yaro mai ƙiba da ya fara ɗingishi yana kukan ƙugu ko gwiwa kar a tsaya ɗori, hoto ake yi.

Sannan tsokana. Buhu, tulu, lukuti, har malamai da ƴan gida na sa baki ana dariya. Yaron ya daina zuwa ƙwallo don kar a ga yana haki, ya koma ɗaki ya ci don huce haushi. Masu cewa zai zube in ya girma, ga jariri gaskiya ne, amma saurayi ko budurwar da ta balaga da ƙibar ciwo, wajen takwas cikin goma da ita suke girma.

To mene ne maganin?

Ba horon yunwa ba ne. Yaro na cikin girma, in ka hana shi abinci ka taɓa tsawonshi da ƙwaƙwalwarshi, an gudu ba a tsira ba kenan. Ga yawancin ƙananan yara ba a ma neman kilo ya ragu, so ake ya tsaya wuri ɗaya tsawo ya kamo shi. Ɗan shekara 8 da ya shekara nauyinshi bai motsa ba amma ya ƙara santimita biyar ko shida, an ci nasara ko da ido bai gani ba.

In abu ɗaya kawai gida zai iya, to a fara da abin sha. Ruwa ya zama shi ne abin sha, lemu ya koma na salla da biki, a fidda shi daga firigo don abin da ke gida shi ake sha. Sukarin shayi da kunu da fura a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, harshe na sabawa cikin ƴan makonni. Mangwaro da lemun zaƙi da kankana a ci su yadda suke maimakon a matse. Bayan haka a dawo da wake da ganye cikin kwano, zogala ga ta nan daga Jiratawa ba tsada, kabeji da karas da salati lokacin sanyi har zubarwa ake, a auna mai da cokali a daina tuttulawa daga bidon. Ci uku a rana da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, gyaɗa, dafaffen ƙwai, yalo, goriba, ba kiwo daga safe har dare ba, kuma a kashe tele lokacin ci. Kuɗin rekere a rage, a haɗa mishi wani abu daga gida. In ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi.

Wurin da ake faɗuwa shi ne a ware yaro ɗaya a ce shi ke rejim, ƴan'uwanshi na shan lemu gabanshi. Ba ya yiwuwa, mu da ke ci faranti ɗaya. Gidan ne duka zai canja, kuma a gidan da ake karɓa-karɓar girki, inda kowace ke son ranar girkinta ta fi maiƙo, uwar yaron ita kaɗai ba ta iyawa, sai maigida ya tara kowa ya yi magana, ya kuma fara da ledar da shi kanshi ke shigowa da ita da dare. Kaka kuma ba a yi mata gardama, a tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta, in ta yarda ta fi kowa tsaro.

Motsi ba sai an biya kuɗin wani wuri ba. In lakwal ba nisa ya taka da ƙafa tare da yayyenshi, keke, ƙwallo bayan la'asar, tsallen igiya da ƴar gala-gala ga ƴan mata cikin tsakar gida, aiken kanti, ban ruwan dabbobi. Waya ta kwana ɗakin uwa.

Shayin rage tumbi da ake talla a TikTok da Facebook, da jiƙe-jiƙen da ke sa zawo, ruwa kawai suke zubarwa su bar yaro a galabaice, ba na yara ba ne sam. Zagi da kunyatawa gaban baƙi ma ba su taɓa rage kilo ko ɗaya ba, sai dai su koya mishi ci a ɓoye. A fara da CSI na unguwa a auna nauyi da tsawo a rubuta, a koma bayan wata biyu ko uku a kan sikeli guda. In IMC ya haye layin ciwo, ko akwai baƙin wuya, minshari, yawan fitsari da ƙishirwa, ko ciwon sukari a dangi, a nemi a tura shi wurin likitan yara a duba tansiyo da sukari da hanta da kitsen jini.

Allura da tiyata

A watan Janairu na 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fidda sabuwar ƙa'ida da ta tada ƙura. Ta ce a daina jira wai yaro zai zube, a fara da zaman koyarwa na iyali aƙalla awa 26 cikin wata 3 zuwa 12, daga shekara 12 ana iya haɗawa da magani, daga 13 kuma mai ƙiba mai tsanani ana iya duba yiwuwar tiyatar rage tumbi. Wata ɗaya kafin nan aka amince a can Amurka da allurar rage ƙiba ta mako-mako mai suna Wegovy ga ƴan shekara 12 zuwa sama, wadda a gwaji ta rage IMC da wajen kashi 16 cikin ɗari a makonni 68. Masu goyon baya na cewa ƙiba ciwo ce kamar asma, wasiyya kaɗai ba ta isar wanda abin ya yi wa nisa. Masu suka na cewa ba a san abin da shekaru masu yawa na allurar za su yi wa jikin da ke girma ba, ga tashin zuciya da amai, kuma in aka daina nauyin na dawowa. Ni a ganina mu nan wannan gardamar ba ta gabanmu, tsadar ta fi ƙarfin kusan kowa, abin da ke gabanmu shi ne jabu, don a 2024 OMS ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic, ɗan'uwan Wegovy, da aka kama a wasu ƙasashe. Duk wanda ya ce zai kawo maka allurar rama daga Dubai ko Kano ka yi wa yaro a gida, ka riƙe kuɗinka.

Laifin uwa ne ko na kasuwa?

An fi son a ɗora wa uwa, ita ce kusa. Amma ba ita ta sa lemun leda ya fi nono arha ba, ba ita ta yanka filin ƙwallo ba. Wasu ƙasashe sun bi ta kan kasuwar: Meziko ta sa haraji kan lemun zaƙi a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018, maƙwabciyarmu Najeriya ta sa naira 10 kan kowace lita, Cile kuma tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a kan duk abin da sukari ko gishiri ko mai ya yi wa yawa, ta hana sayar da su cikin makarantu. A Ingila kamfanoni da yawa rage sukarin suka yi don su kauce wa harajin. Masu adawa na cewa talaka ne zai biya, kuma a wurinmu akwai wata matsalar, da yawa daga zaƙin da yaranmu ke sha ba daga kamfani yake fitowa ba, daga kular maƙwabciya yake, wadda da ribar bisap ɗin take ciyar da nata ƴaƴan. Haraji ba ya kai wa gare ta, korarta daga ƙofar lakwal kuma zalunci ne.

Abin da ke hannunmu shi ne kwamitin lakwal da ƙungiyar uwayen yara su zauna da matan nan a daidaita, a rage sukarin bisap a hankali kowa lokaci guda don kar wata ta rasa ciniki, a ƙaro masu ɗan wake da dafaffen ƙwai da gyaɗa da kwaɗo, a aje randa ko tanki na ruwa mai tsabta cikin fili, awar wasanni kuma a daina mayar da ita awar lissafi. Sikeli ɗaya da mita ɗaya sun isa makaranta guda, a auna kowane yaro lokacin dawowa daga hutu cikin Oktoba a rubuta cikin littafinshi, awon nan guda zai fito da ramammen da mai ƙibar duka, a aika wa uwayen kowanne takarda zuwa CSI.